Yadda Ake Kwantar da Kumburin da Ke Toshe Jijiyoyin Jinin Ƙafa

Ciwon ƙuntatar jijiyoyin da ke kai jini zuwa ƙafafu, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PAD, yana cikin cututtukan da suka fi yawa a duniya, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙiyasin shekarar 2015 ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 236 ne ke ɗauke da shi, da yawansu ba tare da sun sani ba. An daɗe ana ɗaukarsa a matsayin taruwar kitse kawai a cikin jijiya, amma tun a shekarun 1850 likitan Jamus Rudolf Virchow ya lura da alamun kumburi a bangon irin waɗannan jijiyoyi, kuma a 1999 Russell Ross na Jami'ar Washington da ke Amurka ya tattara hujjojin da suka sa masana suka amince cewa cutar ta kumburi ce. Wannan sani yana da amfani ga mai ciwo kai tsaye, domin shi ne zai nuna masa cewa hanyar samun sauƙi ita ce kawar da abubuwan da ke tsokanar ƙwayoyin garkuwar jikinsa, kuma shi ne zai hana shi ɓata lokaci a kan magungunan da ba su taɓa wannan kumburin ko kaɗan.

A fara da sanin abin da ke faruwa a bangon jijiya

Cikin kowace jijiyar jini akwai wani siririn shimfiɗi mai santsi wanda kaurinsa bai wuce ƙwayar halitta ɗaya ba. Hayaƙin taba, da yawan suga a jini, da hawan jini suna raunata wannan shimfiɗi, sai kolestarol nau'in LDL, wato kitsen jini mai cutarwa, ya sami hanyar kutsawa ƙarƙashinsa, ya maƙale a can, ya lalace. Jiki yana ɗaukar wannan lalataccen kitse a matsayin baƙon abu, saboda haka shimfiɗin yakan fito da wasu sinadarai masu danƙo da ke kama fararen ƙwayoyin jini da ake kira monosait yayin da suke wucewa. Da zarar sun shiga bangon sai su rikiɗe su koma makrofaj, waɗanda aikinsu kamar na masu shara ne: suna haɗiye dattin don su tsaftace wurin. Matsalar ita ce muddin kitsen yana ci gaba da shigowa, sharar ba ta ƙarewa, har su cika su mutu a wurin, gawarwakinsu su zama ɓangaren tarin da ke ƙuntata hanyar jini.

Kafin su mutu kuma sukan yi kiran gayya. Suna fitar da wani sinadari mai suna IL-1 beta, shi kuma ya ta da IL-6, wanda ke sa hanta ta samar da furotin ɗin nan da ake aunawa a asibiti mai suna CRP. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait na T suna amsa kiran, wasunsu su ƙara rura wutar, wasu kuma, waɗanda aikinsu shiga tsakani ne, su yi ƙoƙarin kwantar da ita. Nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, su ma suna zuwa, kuma suna iya baza wani abu mai kama da raga wanda ke sauƙaƙa daskarewar jini. Mafi haɗari shi ne sinadaran da makrofaj ke fitarwa suna cinye murfin da ke rufe tarin kitsen, kuma idan murfin ya yage, gudan jini na iya toshe jijiyar cikin 'yan mintuna.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki waɗannan ƙwayoyi a matsayin abokan gaba. Su ne dai ke warkar da rauni a ƙafa, kuma monosait ne ke taimakawa wajen faɗaɗa ƙananan jijiyoyin gefe da ke zagaye wurin da ya toshe. Abin da ake nema shi ne a daina tsokanarsu.

A gane alamu, a nemi gwajin da ya dace

Wannan kumburi ba ya sa ƙafa ta tashi ko ta yi zafi a taɓa, saboda a cikin bangon jijiya yake. Alamar da aka fi sani ita ce ciwo ko ɗaurewar tsoka a sha-raɓa, wani lokaci a cinya ko mazaunai, wanda ke zuwa bayan an yi tafiya mai wani tsawo, ya lafa cikin minti goma da tsayawa, ya kuma dawo idan an sake yin tafiya mai irin wannan nisa. Sai dai marasa rinjaye ne ke da wannan alama yadda take a littafi. Wasu gajiya ce kawai da nauyin ƙafa, wasu kuwa sun rage tafiya a hankali har ba su kai inda ciwon zai bayyana, suna ɗora laifin a kan tsufa. A duba ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sanyi, ko gashin ƙwauri ya zube, ko fata ta yi sheƙi, ko farce ya daina girma yadda ya saba, ko wani ɗan rauni ya ƙi warkewa.

Gwajin farko shi ne ABI, kuma ba ya buƙatar allura. Mutum zai kwanta ya huta, a auna ƙarfin jini a damtse biyu da idon sawu biyu da wata 'yar na'ura mai jin motsin jini, sannan a raba na idon sawu da na damtse. Sakamakon 1.00 zuwa 1.40 lafiya ne, 0.91 zuwa 0.99 yana kan iyaka, 0.90 ko ƙasa da haka yana nuna ciwon. Idan ya haura 1.40, kada a yi murna, domin yakan nuna cewa bangon jijiya ya taurare, abin da ya fi faruwa ga masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda, kuma a nan sai a auna a babban ɗan yatsan ƙafa. Duk wanda ya kai shekara 65, ko ya kai 50 yana da ciwon suga ko tarihin shan taba, ya dace ya tambayi likita game da wannan gwaji.

Gwajin CRP mai zurfi yana ba da haske a kan kumburin: ƙasa da miligiram 1 a lita haɗari kaɗan ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa. Idan ya wuce 10, mai yiwuwa wata cuta ce dabam kamar zazzaɓi ko ciwon haƙori, sai a maimaita bayan an warke. Wannan gwaji ba ya tabbatar da toshewar jijiya shi kaɗai.

A kawar da masu tsokana, a fara da taba

Babu matakin da ya kai barin taba muhimmanci, kuma alaƙarta da ciwon jijiyoyin ƙafa ta fi ma alaƙarta da ciwon zuciya ƙarfi. Hayaƙin yana raunata shimfiɗin jijiya, yana ƙara yawan fararen ƙwayoyin jini, yana sa jini saurin daskarewa. Ragewa ba ta wadatar, kuma zama cikin hayaƙin wasu ma yana cutarwa. Wanda ya sha gwadawa bai dace ba ya nemi taimakon likita, domin akwai magunguna irin su varenicline da mannau na nikotin da ke ƙara yiwuwar nasara sosai, kuma neman su ba gazawa ba ce.

Na biyu shi ne rage LDL da magungunan statin, irin su atorvastatin da rosuvastatin. Ana ba mai wannan ciwo statin ko da gwajinsa bai nuna kolestarol mai yawa ba, domin bayan rage kitsen da makrofaj ke haɗiya, maganin yana saukar da CRP, yana kuma ƙarfafa murfin tarin kitsen. Ƙa'idojin Amurka suna neman LDL ya sauka ƙasa da 70, na Turai kuma ƙasa da 55, a ma'aunin miligiram cikin desilita. Idan tsoka ta yi ciwo bayan an fara sha, a gaya wa likita ya canza nau'i ko yawa, kada a ajiye maganin a yi shiru. Hawan jini a riƙe shi ƙasa da 130 bisa 80, suga kuma a bi shi da gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin yawan suga a jini cikin 'yan watannin baya. Ciwon dasashi ma tushen kumburi ne da ke daɗewa a jiki, saboda haka ya cancanci a kai shi ga likitan haƙori.

A yi tafiya, kuma a yi ta har ciwon ya zo

Wannan shawara tana ba mutane mamaki, kuma na fahimci dalili, domin hankali yakan ce a guji abin da ke kawo ciwo. Amma tafiya mai tsari tana cikin magungunan da suka fi inganci ga wannan cuta. Ga yadda ake yi. Bayan likita ya tabbatar cewa zuciya za ta iya ɗauka kuma babu rauni a ƙafa, mutum zai sa takalmi mai laushi da ya rufe ƙafa, ya yi tafiya da saurin da zai kawo ciwon cikin minti uku zuwa biyar, ya ci gaba har ciwon ya kai matsakaici, wato ana jin sa sosai amma bai kai na cizon leɓe ba. Sai ya tsaya ko ya zauna har ya lafa, sannan ya sake tashi. Haka zai riƙa yi har jimillar tafiyar ta kai minti 30 zuwa 45, aƙalla sau uku a mako, na tsawon mako 12 ko fiye. Wanda ba zai iya kai minti 30 a farko ba ya fara da abin da ya iya, ya riƙa ƙarawa a kowane mako, kuma yana da kyau ya rubuta minti nawa ya yi kafin ciwon ya fara, domin wannan lissafi ne zai nuna masa ci gaban da ba ya gani da ido.

Wani bincike mai suna LITE da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa masu tafiya da saurin da ke kawo ciwo sun ƙara nisan da suke iya yi, masu tafiyar hankali da ba ta kawo ciwo kuwa ba su sami wannan riba ba. Tafiyar ba ta buɗe jijiyar da ta toshe, amma tana koya wa tsoka yin aiki da ƙarancin iskar oksijin, tana gyara shimfiɗin jijiya, kuma bayan watanni tana rage alamun kumburi a jini. Idan aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya yi wuya fiye da kima, a tsaya nan take a nemi likita.

A san magungunan da ke aiki da waɗanda ke yaudara

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Jin cewa ciwon na kumburi ne yakan sa a nufi ibuprofen ko diclofenac, alhali waɗannan ba su kashe kumburin bangon jijiya, kuma yawan shansu yana ƙara haɗarin ciwon zuciya, yana ta da hawan jini, yana cutar da ƙoda. Ibuprofen ma yana iya rage aikin asfirin. Haka nan magungunan sitiroyid suna ta da suga, suna jinkirta warkewar rauni. Abubuwan da ake tallatawa da sunan ƙara ƙarfin garkuwar jiki kuwa ba su da gurbi a nan, tun da garkuwar ba rauni ta yi ba.

Binciken CANTOS na 2017, wanda ya haɗa da mutane sama da 10,000 da suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, ya nuna cewa allurar canakinumab mai toshe IL-1 beta ta rage aukuwar manyan matsalolin zuciya da kusan kashi 15 cikin 100 ba tare da ta taɓa kolestarol ba, amma ta ƙara yawan mutuwa daga cututtuka masu yaɗuwa a jini. Wannan ya tabbatar da cewa kumburin yana cikin musabbabin cutar, ya kuma nuna tsadar danne garkuwa. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da colchicine na miligiram 0.5 don rage haɗarin cututtukan zuciya, sai dai manyan binciken da suka kai ga haka a kan masu ciwon jijiyoyin zuciya aka yi su, kuma maganin yana da haɗari ga masu ciwon ƙoda ko hanta, don haka ba abin da mutum zai saya wa kansa ba ne.

Abin da likita ya fi bayarwa ga mai alamu shi ne asfirin kaɗan ko clopidogrel don hana gudan jini, wani lokaci asfirin tare da rivaroxaban na miligiram 2.5 sau biyu a rana idan haɗarin zubar jini bai yi yawa ba. Cilostazol yana ƙara nisan tafiya, amma ba a ba mai gazawar zuciya.

A kula da ƙafa kullum, a san lokacin gaggawa

Ƙafar da jini bai ishe ta ba, ƙwayoyin garkuwa ma ba su isa gare ta da yawa, shi ya sa ɗan ƙwarzane ke zama gyambo. A duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowace rana, da madubi idan sunkuyawa ta yi wuya. Kada a yi tafiya ba takalmi, kada a yanke kantar ƙafa da reza, kada a ɗumama ƙafa da ruwan zafi ko a kusa da wuta, kuma kada a sa safar matse ƙafa sai an yi gwajin ABI.

Ciwon yatsu da ke ta da mutum daga barci, wanda ke lafawa idan an sauko da ƙafa daga gado, ko rauni da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko yatsa da ya fara baƙi, duk suna nuna cewa ciwon ya yi tsanani, kuma ana buƙatar ganin likitan jijiyoyin jini cikin 'yan kwanaki domin a duba yiwuwar buɗe jijiyar da balan-balan ko yi mata hanyar zagaye da tiyata. Idan kuwa ƙafa ta kama ciwo mai tsanani farat ɗaya, ta yi sanyi, tafinta da ƙarƙashin farce suka koɗe, ta sage ko ta ƙi motsi, to gudan jini ne mai yiwuwa ya toshe jijiya, kuma tsoka takan fara mutuwa cikin awa huɗu zuwa shida. A tafi sashen gaggawa na asibiti nan take, ba tare da an ɗaga ƙafar sama, ko an yi mata tausa, ko an gasa ta ba.