Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna Sabuwar Tayar Keken Tseren Duwatsu

Mafi yawan hukuncin da masu keken duwatsu ke yanke wa sabuwar taya a fitarta ta farko, ba tayar suke yanke wa ba. Ko dai suna bayar da labarin tsohuwar da suka cire ne, ko kuma iskar da suka ɗura ba tare da sun auna ba. Wanda ya daɗe yana hawa a kan suɗaɗɗiyar taya ya riga ya saba da santsinta, saboda haka duk wata mai cikakkun haƙora da ya saka zai ji ta kama ƙasa sosai, har ya ɗauka ta fi kowace. Wani kuma akasin haka yake ji, domin tayar da haƙoranta na tsakiya suka cinye takan gangara da sauƙi a kan busasshiyar hanya, sai ya zargi sabuwar da nauyin tafiya alhali aikinta take yi. Gyaran wannan shi ne mahayi ya kwatanta sabuwa da yadda tsohuwar take lokacin da ita ma sabuwa ce, ya kuma jinkirta hukunci har sai ya yi fita kaɗan da ita, musamman da yake wasu tayoyin kan fito daga masana'anta da ɗan maiƙo a fatarsu wanda sai ƙasa ta goge shi.

Babban kuskure, wanda ya fi sauran ɓata wa taya mai kyau suna, yana wajen iska. Lambar da aka rubuta a gefen taya tana nuna iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, amma mutane da yawa sukan mai da ita abin da ya kamata a ɗura. Tayar tsere mai inci 29 da faɗin inci 2.25 zuwa 2.4, idan ba ta da tiyub a ciki, yawanci tana aiki ne a tsakanin psi 18 da 25 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne), gwargwadon nauyin mahayi da irin ƙasar da zai bi, kuma akan bar ta gaba ƙasa da ta baya da psi ɗaya ko biyu saboda bayan keke ne ke ɗauke da yawancin nauyi. Idan aka cika ta ta yi tauri, mahayi zai ji kamar yana gudu ƙwarai domin jijjiga tana ratsa hannuwansa, amma wannan jin yaudara ne. A kan gargada, taya mai tauri tsalle take yi daga dutse zuwa saiwa, kowane tsalle kuwa yana cinye ƙarfin da ya kamata ya tura keken gaba, sa'annan tana sakin ƙasa a daidai lokacin da ake shan kwana. Wadda aka rage wa iska takan lanƙwashe ta rungumi abin da ta taka ta wuce.

Sai dai ragin ma yana da iyaka. Idan iskar ta yi kaɗan, gefen tayar zai riƙa naɗewa a kwana, bakinta na iya ɗagawa daga rim, wato da'irar wilin da take zaune a kai, ta fesar da iska, ko kuma rim ɗin ya daki dutse ya yanka ta. Abin da ya dace shi ne a fara daga sama kaɗan, a riƙa ragewa psi ɗaya bayan ɗaya a kan hanya guda, har a kai inda aka fara jin tayar tana lilo ko rim yana taɓa ƙasa, sai a ƙara psi ɗaya. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne, kuma gejin da ke jikin famfon ƙasa ba kasafai yake faɗin gaskiya a irin wannan ƙaramar iska ba, don haka ƙaramin geji na daban yana da amfani. A nan ne ma ake ganin wani kuskuren, wato ɗura wa sabuwar taya mai faɗin 2.4 iskar da aka saba ba tsohuwa mai 2.2, alhali wadda ta fi faɗi tana buƙatar ƙasa da hakan.

Akwai kurakuran ɗauri, waɗanda gyaransu ba ya ɗaukar lokaci. Yawancin tayoyin suna da kibiya a gefe mai nuna inda za su juya, kuma idan aka saka su a baibai birki da gangarawa duk sukan canja. Wasu kamfanonin sun raba aikin gaba da na baya. Schwalbe, alal misali, ya tsara Racing Ray domin gaba, Racing Ralph kuma domin baya. Haka nan saukar iska a daren farko ba shaida ba ce cewa taya marar tiyub ta lalace, domin ruwan toshe huda, wanda akan zuba kimanin mililita 60 zuwa 90 a kowace taya, sai an jujjuya wilin ko an hau keken kafin ya cike ƙananan ƙofofin da ke jikinta.

Masu ƙorafin cewa tayar ba ta kai faɗin da aka rubuta ba sukan yi gaggawar awo. Taya takan ƙara buɗewa bayan ta kwana da iska, kuma faɗinta ya dogara da faɗin cikin rim. A kan rim mai milimita 30 za ta baje ta kawo haƙoran gefe kusa da ƙasa, a kan mai milimita 23 kuwa za ta yi tsini ta zama kamar wata taya dabam, ko da yake sunan ɗaya ne. Saboda haka ra'ayin wani a kan taya ba ya cika sai an san rim ɗin da ya ɗaura ta.

A ganina, kwaikwayon zakarun tsere ya fi kowane abu jefa sababbin mahaya cikin nadama. Ganin Nino Schurter na Suwizalan, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2016, yana tsere da tayar Maxxis Aspen ya sa mutane da yawa sun saye ta, sa'annan suka shiga taɓo da ita suka ce ba ta da riƙo. Aspen da ire-irenta, kamar Continental Race King da Vittoria Mezcal, an yi su ne da gajerun haƙora domin ƙasa busasshiya mai tauri, kuma ƙwararren mahayi yana cike abin da suka rasa da iya sarrafa keke. Wanda hanyarsa ke da laka ko sakakkiyar tsakuwa ya fi dacewa da mai dogayen haƙora a gaba, irin Vittoria Barzo ko Continental Cross King, ya bar mai saurin gangarawa a baya, domin zamewar baya ana iya gyara ta, ta gaba kuwa galibi faɗuwa ce.

Rashin nauyi ma yana ruɗin mutane a ranar farko. Taya mai zare 120 a kowane inci tana da laushi da sauƙin tashi a hawa fiye da mai 60, amma jikinta ya fi siranta, kuma ko za ta jure wa kaifin duwatsu abu ne da fita ɗaya ba ta nunawa; sai bayan makonni ake duba ko zare ya fara bayyana a gefe ko haƙoran kwana sun fara tsagewa daga tushe. Kafin lokacin, kada a canja taya da iskar shokozoba da tsayin sirdi a rana guda, domin idan keken ya gyaru ko ya ɓaci ba za a san wanne ne sanadi ba. A zaɓi zagaye ɗaya da aka sani, mai hawa da gangara da kwana, a maimaita shi a yanayi iri ɗaya, a kuma rubuta iskar da aka ɗura da lokacin da aka ɗauka kowane karo.