Yadda ake lissafin ruwan hadari a faɗin wuri da tsawon lokaci

Ma'aunin ruwa ɗaya a cikin garin Sakkwato ba zai faɗa maka abin da ya sauka a Wurno ko Goronyo ba. Hadarinmu yakan taso daga gabas ya nufi yamma, kuma yana iya jiƙa Gwadabawa ya bar Illela a bushe. Saboda haka a kafa ma'aunai da yawa, kowanne nesa da itace ko gini aƙalla ninki biyu na tsayinsu, bakinsa a daidaice. Wanda ya karkace lissafinsa ba abin dogaro ba ne.

A rubuta milimita tare da lokaci, duk minti 15 in ma'aunin mai rubuta kansa ne. A nan aikin yake: milimita 60 cikin awa ɗaya yana cika kwata ya kwarara zuwa kogin Rima, amma 60 cikin awa shida ƙasa mai yashi takan shanye kaso mai yawa.

Sai a sa adadin kowace tasha, wato wurin da aka kafa ma'auni, a taswira, a ja layin da ke haɗa wuraren da suka samu ruwa daidai, misali 20, 40, 60. A auna faɗin ƙasar da ke tsakanin kowane layi biyu, a ninka da matsakaicin milimitar layukan biyu, a tara duka, a raba da jimillar faɗin. A maimaita don awa 1, awa 6 da awa 24. Gwargwadon yadda faɗi ke ƙaruwa, matsakaicin na raguwa. Milimita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya lita miliyan ɗaya ce.

A daidaita agogon tashoshin. In wannan na karantawa da safe, wancan da yamma, ruwan dare ɗaya sai ya rabu kwana biyu a littafi.