Yadda Ake Fitar da Ƙudan Zuman da Suka Tare a Cikin Gida

Yawancin mutane idan suka ga ƙudan zuma suna shige da fice ta wata kafa a jikin bango ko ƙarƙashin rufi, abin da suke fara yi shi ne su toshe kafar, ko su ɗauko maganin feshi. Duka biyun kuskure ne. Ƙudajen da ake gani a waje 'yan kaɗan ne daga cikin dubban da ke ciki, kuma ainihin abin da za a yi fama da shi ita ce saƙar da suka gina a bayan bangon, da zumar da 'ya'yan da ke cikinta.

Mataki na farko shi ne a tabbatar da abin da ake gani. Rina tana da siririn ƙugu da jiki mai sulɓi, gidanta kuma kamar takarda yake a rataye a fili, zanzaro kuwa da laka yake gini. Ƙudan zuma yana da gashi a jiki, kuma idan aka tsaya daga nesa da hantsi za a ga wasu suna dawowa da ɗan ƙullin garin fure mai launin rawaya a ƙafafunsu na baya. Ganin wannan ƙulli alama ce ta cewa akwai 'ya'yan da ake ciyarwa a ciki, wato sun riga sun zauna.

Akwai kuma bambanci tsakanin waɗanda suka zauna da waɗanda suka yada zango. Idan aka wayi gari aka ga curin ƙudaje sun dunƙule a reshe ko a kusurwar katanga, to ayari ne da ya rabu da tsohon gidansa, sarauniya tana tsakiya, wasu daga cikinsu kuma sun fita neman masauki. Irin wannan curi yakan tashi da kansa cikin 'yan awanni ko kwanaki kaɗan, kuma ɗaukarsa ba ta yi wa mai kiwon zuma wuya. Binciken Thomas Seeley na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya nuna sun fi son kogo mai girman kusan lita 40 da ƙaramar ƙofa, abin da ya sa sararin da ke tsakanin silin da rufi, ko ramin da ke cikin bango, yake jan hankalinsu. Don haka ranar da aka ga curi a kusa, a ranar ya kamata a zagaya gidan a rufe duk wata kafa kafin su shiga.

Idan kuwa sun riga sun shiga, kafar da suke bi ba a taɓa ta. Toshe ta yana tilasta musu neman wata mafita, sau da yawa kuma ta cikin ɗaki suke ɓullowa, ta ramin fitila ko tsagar silin. Abin yi shi ne a janye yara da dabbobi daga wajen, a daina daka ko kunna inji mai girgiza a kusa, sannan a liƙe duk tsagar da ke ta cikin ɗakin. Wuta da fetur kada ma a kawo su kusa, domin kakin zuma yana ci da wuta sosai.

Daga nan sai a gano inda saƙar take da iya girmanta. A kara kunne a bango da dare, za a ji gunjinsu. A kuma shafa wurin da tafin hannu: suna riƙe ɗumin wurin renon 'ya'yansu a kan kimanin digiri 35 a ma'aunin Salshiyos, don haka wajen yakan fi sauran bangon ɗumi. Tabo mai duhu da danƙo a silin yana nuna zuma ta fara tsatsowa.

Ban ba kowa shawarar ya yi aikin fitarwar da kansa ba idan bai saba da kiwon zuma ba. A nemi mai kiwon zuma da ke da rigar kariya da na'urar hayaƙi da amya, kuma a neme shi da wuri, domin sarauniya tana iya yin ƙwai sama da 1,500 a rana, ƙwan kuma cikin kwana 21 yake zama cikakken ƙuda ma'aikaci. Aikin da za a gama cikin awa ɗaya a makon farko yakan koma na yini guda bayan 'yan watanni.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a buɗe wurin. Mai aikin zai busa hayaƙi kaɗan, wanda ke dakushe ƙanshin da ƙudaje ke fitarwa don kiran juna zuwa hari, sannan ya cire allon silin ko ɓangaren bango, ya yanko saƙar ɗaya bayan ɗaya. Saƙar da ke da 'ya'ya ana ɗaure ta a cikin amya, kuma da zarar sarauniya ta shiga, sauran za su bi ta. Ana barin amyar a wurin har magariba don ƙudajen da suka fita kiwo su dawo, sannan a rufe ta a kai ta nesa, kilomita 5 ko fiye, gudun kada su gane hanya su koma. Inda ba a iya fasa gini, ana ɗaura mazurarin raga a bakin kafar, wanda ke barinsu su fita amma ba su iya komawa, a ajiye amya a gefe. Wannan yakan ɗauki makonni, sarauniya ba kasafai take fitowa ba, kuma saƙar tana nan a ciki.

Wannan saƙar ce dalilin da ya sa feshi ba ya warware komai. Muddin ƙudajen suna raye, suna fifita gidansu da fukafukai suna sanyaya shi. Da sun mutu, zafi zai tausasa kakin, saƙar ta zube, zuma ta jiƙa silin, 'ya'yan su ruɓe su yi wari, tururuwa da kyankyasai da ɓeraye su samu wurin zuwa. Zumar da magani ya taɓa kuma ba a shanta.

Idan harbi ya auku, a kankare ƙarin da farce nan take, domin yana ci gaba da tura dafi, a wanke wurin a sa ƙanƙara. Wanda ƙudaje suka taso wa ya rufe fuskarsa ya ruga cikin ɗaki ko mota, kada ya tsaya yana kaɗa hannu, kada kuma ya faɗa ruwa. Kumburin leɓe ko maƙogwaro, da sarƙewar numfashi, da jiri, alamu ne na gaggawa da ke bukatar asibiti ba tare da jira ba, haka ma harbi mai yawa a jikin yaro ko tsoho.

Mataki na ƙarshe shi ne a kankare duk sauran kaki, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe, a cike ramin don kada sarari ya rage. Ƙanshin tsohuwar saƙa yana jawo sabon ayari, saboda haka a liƙe kowace tsaga, a sa raga mai idon da bai wuce milimita 3 ba a kafofin shan iska, sannan a riƙa duba wurin duk lokacin da furanni suka yawaita.