Kurakuran da Ake Tafkawa Wajen Sabunta Famwayar Faifan Kwamfuta

Mai koyon gyaran kwamfuta da zarar ya ji cewa faifan ajiya ma yana da tasa manhajar a ciki, wato famwaya, kuma ana iya sabunta ta, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Kwamfuta ta yi nauyi, a sabunta famwaya. Fayil ya ƙi buɗuwa, a sabunta famwaya. Na gaji da nanata magana ɗaya ga yaran shago da masu kawo min faifan da suka riga suka kashe da hannunsu, shi ya sa na tara ta wuri guda.

A fara sanin abin da ake taɓawa. Famwaya ce ke gaya wa faifai yadda zai juya, inda allurarsa za ta karanta, da gurbin da ya lalace don a kauce masa. A faifai mai juyawa, kaɗan ne daga cikinta ke zaune a kan allon lantarkin da ke bayansa. Mafi yawanta a rubuce take a jikin farantin, a wani yanki da Windows ba ta gani. In ta lalace, faifan ba zai iya ko gabatar da kansa ba, BIOS, wato manhajar da ke fara tashi ta gano kayan da ke cikin kwamfutar, ba zai gan shi ba, alhali hotuna da takardu suna nan a ciki ba yadda za a kai gare su.

Kuskuren da ya fi kowanne ƙona min rai shi ne yi wa faifan da ke kan hanyar mutuwa filashin, wato ɗora masa sabuwar famwaya. Wani mai ɗaukar bidiyon biki ya taɓa kawo kwamfutarsa ta tebur shagona, ya ce tana tsayawa in yana haɗa aiki. Ina waje lokacin. Yarona ya kunna ta, ya ga faifan na ja da ƙyar, ya shiga intanet ya ga akwai sabuwar famwaya, bai kwafi komai ba ya danna. Da na dawo na tarar da shi ya kashe ya kunna har ya gaji, faifan sai wani ƙas-ƙas yake yi, allo baƙi ƙirin.

Na ce, "Kai, wa ya sa ka?"

Ya ce, "Oga, ai na ga an rubuta tana gyara matsaloli."

"Waɗanne matsaloli? Ka karanta? Ka duba lafiyar faifan kafin ka taɓa shi?"

Shiru. A ciki akwai bikin mutane da ba a kai wa masu shi ba, kamu da ɗaurin aure da wuni, abin da ba za a sake ɗauka ba har abada. Shagona ne, don haka ni na biya masu ciro bayanai kuɗin da ya ninka farashin faifan sau da yawa, kuma ba duka aka samo ba. Mutumin bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, amana na kawo maka." Har yau in na tuna kalmar nan raina ɓaci yake yi. Faifan nan allurarsa ta riga ta raunana, shi ya sa yake nauyi: yana karanta gurbi ɗaya yana sakewa. Sai aka tilasta wa wannan allurar ta rubuta a yankin da rayuwar faifan gaba ɗaya ta dogara a kai. Garin neman gira aka rasa ido.

Tun daga ranar, ba wanda ke sabunta komai a shagona sai ya buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ya nuna min. Layi huɗu nake kallo. 05 shi ne adadin guraben da suka mutu aka sauya su. C5 guraben da faifan ke shakka a kansu. C6 waɗanda ya kasa gyarawa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya tashi daga sifili, ko alamar lafiya ta koma rawaya, maganar famwaya ta ƙare. A kwashe kaya a nemi sabon faifai. Na huɗun, C7, shi ne wanda ke yaudarar mutane: in yana ƙaruwa, yawanci wayar SATA, wadda ke haɗa faifai da kwamfuta, ce ta saki ko ta tsufa. Sauya waya, ka ga ko lambar ta tsaya. Na sha ganin an zargi faifai lafiyayye saboda wayar da ba ta kai kuɗin abincin rana ba.

Na biyu, kwafi da wuta. Kamfanonin da kansu suna rubuta cewa a ajiye kwafi kafin a fara, amma wa ke karantawa? Kuma kwafin da ba a buɗe an gwada ba, ni ban ɗauke shi kwafi ba. Ina kwashewa zuwa wani faifan daban, in cire shi, in buɗe 'yan fayiloli a wata kwamfutar, sannan in dawo. Raba faifai ɗaya gida biyu ka kwafa daga C zuwa D ba ajiya ba ce, in ya mutu tare za su tafi.

Wuta kuwa, mu da muke zaune inda ake ɗauke ta ba sallama, bai kamata a ce sai an tuna mana ba. Sabuntawar ba ta cika wuce 'yan mintuna ba, amma in wuta ta yanke a tsakiyarsu ana iya rasa faifan. Kwamfutar tebur ba na yi mata sai a kan UPS mai batirin kirki, ba wanda ke ƙara ya mutu nan take ba. Laftof kuma sai batirinta ya cika, caja na jiki. Ba na farawa in janareta na tari, ko in an kusa sauya layi. In allo ya tsaya kamar ba ya motsi, ka cire hannunka daga makunni ka jira. Mutane da yawa su ne ke yanke wa kansu wutar don rashin haƙuri.

Sai masu gaggawa, waɗanda sabuwar famwaya na fitowa yau za su ɗora ta yau. Su tuna da Seagate Barracuda 7200.11. Faifan nan mai famwaya SD15 yana da wani aibi: in aka kashe shi daidai lokacin da kundin da yake rubuta abubuwan da suka faru ya kai wani gurbi, gobe in an kunna sai ya ƙulle, BIOS ba zai gan shi ba. A watan Janairun 2009 kamfanin ya fitar da gyara mai suna SD1A, mutane suka yi rububi, sai ga shi gyaran da kansa ya durƙusar da masu girman 500GB. Dole aka janye shi aka sake fitar da wani. Ni ɗabi'ata, in ba wata gobara ake kashewa ba, ina barin sabuwar famwaya ta yi makonni a hannun wasu tukuna.

Amma kada wani ya ji wannan ya ce shi ke nan, ba zai taɓa sabuntawa ba. Wannan ma kuskure ne, kuma tsofaffin hannu ne suka fi yin sa. Akwai aibin da ke jiran agogo. Crucial m4, wani SSD, wato faifan da ba ya juyi, in ya cika awa 5,184 a kunne, kusan wata bakwai ke nan, sai ya riƙa ɗaukewa duk bayan awa guda, har sai an ɗora masa famwaya 0309 da ta fito a farkon 2012. Wanda ya fi muni, a ƙarshen 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗi cewa wasu SSD na manyan kwamfutocin ofis za su mutu murus in sun cika awa 32,768, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, kuma ba faifan ba bayanan, babu wanda zai dawo. Waɗanda aka kunna rana ɗaya, kusan lokaci ɗaya za su faɗi. Samsung 990 Pro kuma a farkon 2023 ma'aunin lafiyarsa ya riƙa zubewa da sauri. Famwayar da aka fitar ta tsayar da zubewar, amma ba ta mayar da abin da ya riga ya ragu ba. Wanda ya yi jinkiri a irin waɗannan shi ya yi asara. Mu da yawancin kayanmu na hannu ne, ya kamata duk faifan da ya shigo a duba lambar samfurinsa, da famwayar da ke kansa, da awannin da ya yi yana aiki, a kwatanta da sanarwar kamfaninsa. In sun ambaci samfurinka da matsalarka, yi. In ba su ambata ba, bar shi.

Maganar sauri kuma, a daina yi wa masu kaya alƙawarin da ba zai cika ba. Faifan da ke juyi 5,400 a minti haka zai ci gaba da juyawa ko famwaya nawa aka ɗora masa. Na san inda sabuntawa ta dawo da sauri da gaske: Samsung 840 EVO, wanda tsofaffin fayiloli ke yi masa nauyin karantawa in sun daɗe a ajiye. An fitar da gyara a 2014, matsalar ta dawo, aka sake fitar da wani a 2015 mai sa faifan ya riƙa sabunta tsohon rubutu da kansa. Wannan ciwo ne sananne da aka yi wa magani. Mai tsohuwar laftof da ke son ta yi gudu, gaya masa gaskiya ya sayi SSD.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Lambar samfuri a karanta ta harafi bayan harafi daga takardar da ke manne a jikin faifan, don harafi ɗaya na iya raba samfuri biyu. Faifan da ya zo cikin kwamfutar Dell ko HP ko Lenovo sau da yawa famwayarsa ta musamman ce, a shafinsu ake nemanta. Fayil ɗin da wani ya turo a WhatsApp ko aka tsinta a shafin da ba a san mai shi ba, ba ya shiga shagona. Faifan da ke cikin akwatin USB a ciro shi a haɗa kai tsaye, don manhajar sabuntawa ba ta cika ganinsa ta nan ba. In akwai BitLocker, wato makullin Windows da ke rufe bayanan faifai, a nemo mabuɗin farfaɗowa a rubuta a takarda kafin a fara. Masu RAID kuma, wato faifai da yawa da aka haɗa suna aiki kamar guda, ɗaya bayan ɗaya, a bar kowanne ya zauna daidai kafin a taɓa na gaba.

In an gama, a kashe kwamfutar gaba ɗaya a sake kunnawa, a duba ko lambar famwayar ta sauya. Ko nan ma akwai tarko. Samsung HD204UI mai 2TB yana da aibin ɓata bayanai in wata manhaja ta tambaye shi bayanin kansa yana tsakiyar rubutu, kuma gyaran da aka fitar a ƙarshen 2010 bai sauya lambar ba, ta yadda wanda aka gyara da wanda ba a gyara ba iri ɗaya suke nunawa. Saboda irin wannan nake manna 'yar farar takarda a jikin duk faifan da na sabunta, in rubuta tsohuwar lamba da sabuwa da kwanan wata, don wanda zai buɗe kwamfutar bayana ya san abin da aka riga aka yi.