Kafin ka ce Charlie Parker hayaniya ce

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin sababbin masu sauraron jaz: wai sun nemi tarin kiɗan da Charlie Parker, mai busa saksofon ɗan Amurka, ya ɗauka a situdiyo wa kamfanonin faifai na Savoy da Dial, sun saurara, kansu ya yi ciwo, sun ajiye. Ƙofar da suka shiga ta nan ce ba daidai ba.

Babbar ɓarnar ita ce farawa da cikakken tarin nan mai faya-fayai 8, na shekarun 1944 zuwa 1948. Masu nazari aka yi wa shi. A ciki an zuba komai: ɗaukar da aka saki, da wadda aka ƙi, har da wadda aka fara aka tsaya bayan 'yan daƙiƙu don wani ya kuskure. Sai ka ji kiɗa ɗaya sau huɗu, sau biyar a jere. Wane ɗan koyo ne zai jure? Kuɗina sun taɓa tafiya a nan, kwalin ya daɗe yana shan ƙura a kan kabad. Ka nemi mai faya-fayai 3, wanda aka tace aka bar ɗaukar da ta fita kasuwa kaɗai. Idan kunnenka ya haddace waɗannan, to a lokacin ragowar za su yi maka amfani. Ɗauki "Embraceable You" ta Oktoban 1947: ɗauka biyu a rana ɗaya, amma a ta biyun mutumin nan bai bi sawun ta farkon ba, sabuwar hanya ya yanka. Wanda bai san ta farkon ba, ina zai gane haka?

Na biyu kuwa har raina yake ɓatawa: masu tura wa abokai "Lover Man" ta 29 ga Yulin 1946 suna cewa wannan ce gwaninta. Haba! A ranar Parker ba shi da lafiya. Ƙwayar da ya saba da ita ta yanke masa a Los Angeles, ya koma wa giya, ya zo situdiyo da ƙyar yake tsayuwa. Ka kasa kunne a farkon kiɗan, za ka ji fiyano ya buɗe masa hanya shi kuma ya makara bai shigo ba, numfashinsa na yankewa. Daren nan aka kama shi, daga bisani ya yi kusan wata shida a asibitin masu taɓin hankali na Camarillo. Shi kansa bai ji daɗin fitar da faifan ba. Tausayi daban, ƙwarewa daban. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu cewa shaye-shaye ne ya ba shi busa. Wanda ya mutu a 1955 yana da shekara 34, shi za ka ce ƙwaya ta taimaka? In saksofon ɗinsa kake son ji da lafiyarsa, koma baya wata huɗu, Maris ɗin 1946, ka ji wurin da kowa ya yi shiru a "A Night in Tunisia" ya bar shi shi kaɗai yana zuba kamar ruwan Agusta.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ce Miles Davis ne ya busa ƙaho a "Ko-Ko" ta 26 ga Nuwamban 1945. Yana wurin, ɗan shekara 19, amma Dizzy Gillespie ne ya karɓi wannan. Kada ka yi ƙorafin gajarta: faifan garmaho na zamanin minti uku da ɗan wani abu yake ɗauka a fuska ɗaya. Kuma don Allah a daina saurare da lasifikar waya, tana haɗiye bes, wato babbar garayar nan mai kaurin murya da ke riƙe da kiɗan.

Ni dai abin da nake yi, aikin rana ɗaya nake saurara a zama ɗaya, kiɗa uku ko huɗu. Zagayen farko ina bin amshin da ake buɗewa da rufewa da shi har in iya rera shi da baki. Na biyu sai in bar Parker gaba ɗaya in bi hannun mai ganga, kamar Max Roach. Sai a na uku nake komawa ga busar.