Sabunta Ubuntu ba tare da ƙona data ba

Masu shagon kwamfuta a Gombe, ga wata dabara.

In kwamfutocinka duk Ubuntu ne (wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), sauke gyare-gyaren sabuntawa a kwamfuta ɗaya kawai.

Yi amfani da umarnin sudo apt-get upgrade, kada ka yi da umarnin apt. Shi apt yakan goge fayilolin .deb (fayilolin gyare-gyaren da ya sauke) da zarar ya gama; apt-get kuwa yana barin su a /var/cache/apt/archives.

Kwashe su a filashi, ka zuba a wannan wurin a sauran kwamfutocin. Ka yi sudo apt-get update, sannan sudo apt-get upgrade. Abin da ya tarar a ajiye ba ya sake saukewa.

Kwamfutoci huɗu gare ni, kuma wallahi na ga sauƙi.

Amma fa sai sigar Ubuntu ta zo ɗaya: fayilolin 22.04 ba sa yi wa 24.04. Firefox ma ba ya ciki, ta snap yake zuwa, wata hanyar saka manhaja daban.