Yadda ake rage kuskure wajen haɗa ƙwayoyi da iska a kwaikwayon kwamfuta

A irin lissafin da ake raba filin iska zuwa ƙananan ɗakuna masu tsarin raga, kowace ƙwaya kuma ana bin ta daban, mahaɗar biyun ce ta fi ɓata sakamako: yadda ake ɗebo gudun iska a kai wa ƙwaya, da yadda ake mayar wa iska ƙarfin da ƙwayar ta ja.

Ka fara da lokacin amsawar ƙwaya, wato lokacin da take ɗauka kafin ta bi sauyin gudun iska: τp = ρp d² / 18μ, inda ρp nauyin ƙwaya ne a kowace mita kubik, d faɗinta, μ kuma danƙon iska. Yashi mai nauyin kilo 2600 a kowace mita kubik, mai faɗin maikiron 100, cikin iska mai danƙo 1.8×10⁻⁵ Pa·s, yana ba da kimanin daƙiƙa 0.08. Rage faɗin zuwa maikiron 10, sai ya faɗo 0.0008. Idan hanyar Euler ta kai tsaye kake amfani da ita wajen ciyar da lissafi gaba mataki-mataki, tazarar lokaci tsakanin matakai (Δt) da ta wuce 2τp za ta sa gudun ƙwaya ya riƙa tsalle har lissafin ya watse, don haka ka tsaya kusa da kashi ɗaya cikin goma na τp. Abin da ya fi wannan shi ne a warware jan iskar da exp(−Δt/τp), wanda ba ya watsewa komai girman tazarar.

Daga nan ka duba yawan ƙwayoyin. A rabe-raben da masani Elghobashi ya yi a 1994, idan filin da suka ci bai kai 10⁻⁶ na dukan fili ba, ana iya barin iska ta ja su kawai. Daga nan zuwa 10⁻³ dole a mayar wa iska ƙarfinsu, sama da haka kuma a sa karon junansu. Kada ƙanƙantar 10⁻³ ta ruɗe ka: da yashi, nauyin ƙwayoyin a ɗaki ya ninka na iskar sau biyu da wani abu ke nan. A nan lokacin da ya kamata ka kiyaye ya zama τp a raba da 1 haɗe da wannan ninkin, kuma gara a shigar da jan cikin lissafin iskar a warware su tare.

Girman ɗaki shi ne inda aka fi zamewa. An saba cewa ƙara tsananta raga na ƙara daidaito, amma a nan akwai iyaka. Dokokin ja irin na Stokes da na Schiller da Naumann suna son gudun iskar da ƙwaya ba ta taɓa ba. To, ƙwayar da ke zuba ƙarfinta a ƙaramin ɗaki tana jan iskar ɗakin tare da ita, sannan ta waiwayo ta karanta wannan gudun da ita ce ta gurɓata shi. Bambancin gudu ya ragu, ja ya ragu, ƙwaya ta faɗi da sauri fiye da kima. Kuskuren yana girma gwargwadon d/Δx, inda Δx shi ne faɗin ɗaki. Shi ya sa ake riƙe ɗaki ya kai faɗin ƙwaya sau 3 zuwa 5 aƙalla. In ragar dole ta fi haka ƙanƙanta, kamar a jikin bango, ka baza ƙarfin kan faɗi tsayayye da ka auna da d, wanda ba ya canzawa in an canza raga.

Matsala ta biyu da raga: yawan ƙwayoyin wakilci (N) a kowane ɗaki, wato ƙwayoyin lissafi da kowace ke wakiltar ƙwayoyin gaske da yawa. Hayaniyar ƙididdiga tana tafiya da 1/√N. Raba Δx biyu a kowane ɓangare uku, ɗakuna sun ninku sau 8, N ya ragu sau 8, hayaniya ta ƙaru kusan sau 2.8. Duk gwajin raga da ba a ƙara ƙwayoyi tare da shi ba, ba abin dogaro ba ne.

Ma'aunin da ka ɗebo gudun iska da shi daga ɗakunan maƙwabta, da shi za ka mayar da ƙarfin. Kuma a kowane mataki ka tara abin da ƙwayoyi suka karɓa da abin da iska ta rasa. Su soke juna har zuwa lambobin ƙarshe na kwamfuta. Masu amfani da dokar ja ta Gidaspow su lura: tana sauyawa daga dokar Ergun zuwa ta Wen da Yu idan filin da iska ta ci ya kai 0.8 na ɗaki, kuma ja yana tsalle a daidai wurin, sai an sassauta sauyin.

Kafin babban aiki, saki ƙwayar yashi ɗaya mai maikiron 20 cikin iska tsayayya. Gudun faɗuwarta τp g ne (g jan ƙasa ke nan), kusan santimita 3 a daƙiƙa. Gwada ba tare da mayar wa iska ƙarfi ba, sannan ka kunna mayarwar, ka maimaita a raga uku masu girma dabam-dabam. Idan gudun yana hawa yayin da ɗakuna ke ƙanƙancewa, ƙwayar tana karanta iskar da ta gurɓata da kanta, sai ka faɗaɗa bazawar ƙarfin ka sake gwadawa.